Yadda za ka tsare kwamfuta da wayar sana'arka daga manhajar da aka saki ba ta nuna ba

Mai shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, da mai POS a bakin Babbar Kasuwar Katsina, da malamin da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta a wata sakandare a Daura, duk suna fama da abu guda: na'ura ta kwana lafiya, ta tashi da sabon hali, kuma babu wanda ya taɓa ta. Firinta ta ƙi amsawa, manhajar banki tana buɗewa tana rufe kanta, ko kwamfuta ta tsaya a kan shuɗin allo ga ɗalibai sun yi layi da takardunsu. Kafin a ɗora wa yaron shago laifi, a fara duba ko sabuntawar manhaja (update) ce ta shigo cikin dare. Sau da yawa ita ce.

Lokacin da ake sayar da manhaja a faifan CD, babban kuskure ɗaya yana nufin a sake buga faifai a sake rarrabawa, shi ya sa kamfani kan tsaya ya gwada kayansa sosai. Da intanet ta ba su hanyar tura gyara kai tsaye cikin na'urar kowa, sai lissafin ya canza. Masu talla su sa ranar fitarwa, masu rubuta manhajar sun san da sauran aiki, amma a sake ta haka nan da niyyar a biyo da faci. A 2021 Chrome ya koma fitar da sabon zubi duk mako huɗu, manhajojin waya da yawa kuma kusan kowane mako suna da sabo. Ga shi babu kamfanin da zai iya gwada kayansa a kan kowace irin kwamfuta da firinta da waya da ke duniya, balle tsofaffin laftof na gwanjo da suka cika shagunanmu. Waɗanda suka fara karɓar sabon zubi su ne 'yan gwaji, ko an gaya musu ko ba a gaya musu ba. Kamar burodi ne da aka ciro daga tanda don masu saye sun matsa: bayansa ya yi ja, cikinsa ɗanye.

Dabarar ita ce ka janye daga sahun farko, ba tare da ka faɗa cikin waɗanda suka daina sabuntawa gaba ɗaya ba.

Ka san wanne za ka jinkirta, wanne ba ya jira

Akwai facin tsaro, wanda ke toshe ƙofar da ɓarayin intanet ke shigowa. Akwai kuma babbar sabuntawa, wadda ke canza fasali ta kawo sababbin abubuwa. Mutane kan haɗa su a kwando ɗaya, ko su karɓi duka nan take ko su ƙi duka, kuma kowanne ɓangare an ga abin da ya jawo.

A ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da facin da ya toshe wata kafa a Windows. Wata biyu bayan haka, ranar 12 ga Mayu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta ɓulla ta wannan kafar, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Wanda ya saka facin Maris ya tsira. Wannan shi ne farashin ƙin sabuntawa.

A ɗaya gefen, babbar sabuntawar Windows 10 ta Oktoba 2018, mai lamba 1809, ta goge wa wasu mutane fayilolinsu. Abin ya fi shafar waɗanda suka taɓa sauya wa jakar Documents mazauni amma suka bar wasu fayiloli a tsohon wurin. Sabuntawar ta ɗauka tsohon wurin shara ne ta share shi. Cikin kwana huɗu Microsoft ya janye ta, bai sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. Wanda ya yi haƙurin mako shida bai rasa komai ba.

Ƙa'idar da muke ba da shawara a bi ga na'urar da ake cin abinci da ita: facin tsaro na wata-wata a ba shi kwana uku zuwa bakwai, kada ya wuce mako biyu. Babbar sabuntawa a ba ta wata biyu zuwa uku. Direban firinta ko na allo, wato 'yar manhajar da ke haɗa na'urar da Windows, da sabuntawar BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya buɗe, kada a taɓa su matuƙar na'urar tana aiki daidai, sai in akwai matsalar da aka rubuta ƙarara cewa sabon yana gyarawa, ko an ce gyaran tsaro ne. Burauza kuwa, Chrome ko Edge ko Firefox, a bar ta ta sabunta kanta kullum, domin ita ce ke fuskantar intanet kai tsaye, kuma gyara ta ba ya da wuya in ta lalace.

Saita Windows ya bi lokacinka

Tun 2003 Microsoft ke fitar da facinsa a Talata ta biyu ta kowane wata. A agogonmu yakan faɗo ƙarfe shida ko bakwai na yamma, wajen magariba, lokacin da shaguna da yawa ke kan janareta da datar waya. Ka sa wannan rana a kalandar bangon shago. Ranar Litinin da ke gabanta, shiga Settings, sannan Windows Update, ka zaɓi Pause updates na mako ɗaya. Windows yana ba da damar dakatarwa har mako biyar, amma kada ka saba da cinye duka. In wa'adin ya cika zai nemi ya sauke duk abin da ya taru, kuma ba zai tambaye ka ko kana cikin cunkoson kwastomomi ba.

A wannan shafin dai, a Windows 11, akwai maɓalli mai cewa "Get the latest updates as soon as they're available". Kashe shi. Shi ne ke tura ka sahun farko. Haka nan wajen ƙarshen wata za ka ga wata sabuntawa mai kalmar Preview a sunanta, an rubuta cewa na zaɓi ce. Babu gyaran tsaro a cikinta, gwajin abin da zai zo wata mai zuwa ne. Bar ta. Duk kwamfutar da aka shigar shirin 'yan gwaji na Windows Insider kuwa, musamman wadda aka saya ta hannu, a fitar da ita, ko a sake mata Windows ɗungurungum.

Sai ka shiga Advanced options ka saita Active hours da hannunka, misali daga bakwai na safe zuwa goma sha ɗaya na dare. Iyakarsa awa 18. A cikin wannan lokacin Windows ba zai sake kunna kansa ba kana tsakiyar buga aikin wani. In da datar waya ko MiFi kake aiki, je wurin saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection. Wannan yana hana yawancin manyan saukewa, ko da yake wasu na gaggawa suna iya wucewa. Amfaninsa biyu: data ba ta ƙarewa ba shiri, kuma kai ne ke cewa yau za a sauke.

In kana da kwamfuta fiye da biyu, ware ɗaya ta zama ta gwaji. Kada ka zaɓi wadda ba a amfani da ita, domin ba za ta nuna maka komai ba. Zaɓi wadda ke da irin firintar da irin manhajojin da sauran ke da su, amma ba ita ce ke ɗauke da lissafin shago ba. Ranar Alhamis ko Juma'a da yamma ka buɗe mata sabuntawa. In ta gama, gwada abubuwan da ke kawo maka kuɗi ɗaya bayan ɗaya: buga shafi baƙi da fari daga Word, buga mai launi daga CorelDRAW ko abin da kake zane da shi, ɗauki hoton takarda da sikana, saka na'urar ɗaukar zanen yatsa in kana rajista, shiga shafukan da ka saba cike wa mutane fom. Minti ashirin ya isa. Ka bar ta ta yi aikin Asabar. In ba ta nuna wani hali ba, ranar Lahadi sai a sake wa sauran.

Don kada kowace kwamfuta ta ci data daban, a Advanced options akwai Delivery Optimization. Kunna wanda ke ba da damar karɓa daga na'urorin da ke kan layinka na cikin gida, sai wadda ta riga ta sauke ta raba wa 'yan'uwanta.

Akwai lokutan da ba a taɓa babbar sabuntawa ko da ta cika wata uku: lokacin rajistar JAMB, makon da 'yan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na Hassan Usman Katsina Polytechnic ke miƙa furojet, satin jarrabawa a makaranta, jajiberin Sallah ga mai buga katunan biki da fosta. Sai kuma batun wuta, wanda a nan ya fi komai lalata Windows. Sauke sabuntawa ba shi da haɗari in wuta ta ɗauke, zai ci gaba daga baya. Haɗarin yana wurin da allo ya ce kada a kashe kwamfuta, lokacin da ake maye gurbin fayilolin tsarin. Kwamfutar tebur ba ta shiga wannan mataki sai tana kan inbata, ko UPS mai lafiyayyen batir, ko janareta mai isasshen mai na awa biyu. Laftof kuwa a tabbatar batirinta yana riƙe wuta da gaske. Da yawa daga cikin na gwanjo suna nuna kashi 80 sannan su mutu cikin minti goma. A kan tsohon faifai mai juyawa, babbar sabuntawa tana iya cin fiye da awa biyu tana kamar ta tsaya. In fitilar faifan tana ƙyaftawa, aiki take, a ƙyale ta.

Wanda har yanzu yake kan Windows 10 ya sani cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Rashin ganin faci a irin wannan kwamfutar ba alamar lafiya ba ne. Windows 11 yana neman wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai furosesa ta zubi na takwas (8th Gen) zuwa sama. Tsohuwar da ba ta cika sharaɗi ba, gara a mayar da ita ta buga takardu kawai, a raba ta da harkar banki da imel.

Hanyar komawa baya

Wannan ɓangaren ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda zai rasa awa ɗaya da wanda zai rasa aikin shekara.

Fara da kwafin fayiloli. Jakar Documents, Desktop, Downloads, da duk inda kake ajiye ayyukan kwastomomi, a kwafe su zuwa faifan waje ko babban filash. Bayan kwafewa, buɗe fayil uku ko huɗu daga cikin kwafin ka ga sun buɗe, domin akwai filash na jabu a kasuwa da ke nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba; zai karɓi komai, ranar buƙata ka tarar da fanko. Sannan ka zare shi daga kwamfutar. Kwafin da ke maƙale a jiki yana iya tafiya tare da na asali.

Na biyu, rubuta "Create a restore point" a wurin bincike. A kwamfutoci da yawa za ka tarar kariyar a kashe take. Danna Configure, kunna ta, ba ta kashi 5 zuwa 10 na faifan C, sannan danna Create ka sa mata suna da kwanan wata. Wannan yana mayar da saitin Windows da direbobi yadda suke; ba ya dawo da takardun da suka goge, don haka bai maye gurbin kwafi ba.

Na uku, makullin BitLocker, tsarin Windows da ke kulle faifai. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Wata sabuntawa, musamman ta BIOS, tana iya sa kwamfuta ta tashi tana neman lamba mai alƙaluma 48. In babu ita, babu mai gyaran da zai fito maka da fayilolinka, komai ƙwarewarsa. Galibi tana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Nemo ta tun yanzu, buga ta a takarda, saka a durowa. In laftof ɗin na hannu ne kuma asusun na wani ne can ƙasar waje, kwafe kayanka, kashe kullen ko ka sake shi da asusunka.

Bayan babbar sabuntawa, Windows yana ajiye tsohon zubin a wata jaka mai suna Windows.old na kwana 10 kacal. A cikin kwanakin nan za ka iya komawa ta Settings, System, Recovery, Go back. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga faifai ya cika a share wannan jakar, ko wata manhajar shara ta share ta. Da ta tafi, hanyar ta rufe. Kwana goma kuma sun yi kaɗan ga shagon da wasu ayyukansa sai ƙarshen wata suke zuwa. Da zarar an gama sabuntawar, nemo Command Prompt a wurin bincike, buɗe shi a matsayin mai iko (Run as administrator) ka rubuta:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:30

Wannan ya ba ka kwana 30. Iyakarsa 60. Ka tabbatar akwai aƙalla gigabait 20 zuwa 30 a sake a faifan C kafin ka fara komai, domin ƙarancin wuri na cikin manyan dalilan da ke sa sabuntawa ta kai kashi 90 ta koma baya, ta sake gwadawa gobe, tana cin data kowace rana.

In ta riga ta lalata

Kada ka yi saurin yarda a yi fomat. Shi ne maganin da aka fi saurin bayarwa a wurin gyara, kuma shi ne ke cinye fayiloli da lasisin manhajoji.

Duba Update history ka ga abin da ya shigo da ranar da ya shigo. Kowane faci yana da lamba mai farawa da KB. In ranar ta dace da ranar da matsala ta fara, a ƙasan shafin akwai Uninstall updates. Cire shi, sake kunna kwamfuta, sannan nan take ka dakatar da sabuntawa na mako ɗaya ko biyu, in ba haka ba zai dawo cikin dare. Rubuta lambar KB ɗin a Google tare da sunan firintarka ko abin da ya lalace. Microsoft ma yana da shafin da yake jera matsalolin da ya amsa, ana kiransa Windows release health.

Misalin da ya kamata masu firinta su riƙe: facin Maris 2021, KB5000802, ya riƙa jefa kwamfuta cikin shuɗin allo da zarar an danna bugu a wasu firintoci, ciki har da na Kyocera. Firintar lafiyarta lau, kwamfutar ma haka. Cire facin ya isa, kuma cikin mako guda Microsoft ya fitar da gyara na musamman. Wanda bai san wannan ba, sai ya kai injin wurin mai gyara a kwance shi a banza.

In kwamfutar ta ƙi kaiwa ga buɗewa, kunna ta, da ka ga tambarin Windows ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta shiga shafin gyara da kanta. Bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates. Zai ba ka zaɓi biyu, na facin wata da na babbar sabuntawa. Fara da na facin. System Restore ma yana nan a wannan shafi. In kuma direba ne kaɗai ya canza, misali sauti ya ɗauke ko allo ya rikice, shiga Device Manager, buɗe na'urar, ka danna Roll Back Driver.

Waya da POS

Waya ta fi kwamfuta tsauri ta wannan fannin, domin ba ta da hanyar komawa mai sauƙi. In Tecno ko Infinix ko Samsung ɗinka ta hau sabon zubin Android, dawo da ita sai an yi mata filashin, komai ya goge, wasu wayoyin ma an toshe musu komawa baya gaba ɗaya. Apple shi ma yakan rufe tsohon zubin iOS jim kaɗan bayan fitar sabo. A Satumba 2014 zubin 8.0.1 ya hana sababbin iPhone 6 kama layi, aka janye shi a ranar da ya fito. Saboda haka wayar da kake karɓar kuɗi da ita ta jira mako biyu zuwa huɗu kafin babban zubi. Tambayi masu gyaran waya, su ne ke fara ganin irin wayar da ake kawowa tana zafi ko batirinta na zuba bayan sabuntawa. In za ka yi, caji ya wuce rabi, a bar gigabait biyar a sake, a yi ajiyar WhatsApp ta Settings, Chats, Chat backup. Wayar takan yi ɗumi ta ci batir kwana ɗaya ko biyu bayan babbar sabuntawa tana daidaita kanta; sai ya wuce haka ne ake kiransa matsala.

A Play Store, danna hotonka, Settings, Network preferences, Auto-update apps. Ga wayar sana'a zaɓi kada ta sabunta da kanta, amma da sharaɗi: ka ware rana ɗaya a mako ka yi da hannunka. In ka san ba za ka riƙe wannan ba, bar ta a kan Wi-Fi kaɗai, sannan ka shiga shafin manhajoji biyu ko uku da ba ka so a taɓa, danna ɗigo ukun da ke sama, cire alamar sabunta kai. Kafin ka sabunta muhimmiyar manhaja, buɗe ra'ayoyin jama'a, jera su daga na baya-bayan nan, ka tace na sabon zubi da na irin wayarka. Taurarin da ke sama tarin na shekaru ne, ba sa gaya maka halin zubin jiya. In ka ga an rubuta kana cikin 'yan gwajin beta, fita.

Manhajar banki daban take. In ta ce sai ka sabunta, ka sabunta, ta Play Store kaɗai. Kada ka karɓi tsohon zubi ta Xender ko ta wani shafi don sabon yana ba ka wahala. Ta wannan hanyar ake shigo da manhajar bogi mai kwashe lambar sirri. Abin da zai cece ka ranar da ta ƙi buɗewa shi ne ka san lambar USSD ta bankinka, kuma ka kasance da asusu na biyu a wani wuri. In manhaja tana rufe kanta, fara da Clear cache. Clear data yana fitar da kai daga asusun, a WhatsApp ma yana tafiya da hirarrakin da ba a yi wa ajiya ba.

In manhajoji da yawa suka fara faɗuwa lokaci guda, laifin ba nasu ba ne ɗaya-ɗaya. A Maris 2021 haka ta faru a duniya, Gmail da wasu da dama suna rufewa, sanadin wani zubin Android System WebView, wanda manhajoji da yawa ke jingina da shi wajen nuna shafukan intanet. Maganin shi ne a cire sabuntawarsa ko a saka gyararren zubin da Google ya biyo da shi. Mutane sun goge wayoyinsu a kan abin da minti biyu ke gyarawa.

Na'urar POS kuwa kamfani ne ke turo mata. In ta ba ka zaɓi, yi da sassafe kafin kasuwa ta buɗe, bayan ka buga lissafin jiya, tana kan caji. Kada ka yi ranar kasuwar Mai'aduwa ko ƙarshen wata da albashi ya shigo. In ta gama, cire naira 100 da katinka, ka ga rasit ya fito kuma kuɗin sun shiga, kafin ka karɓi katin kwastoma.

Manhajar da aka rubuta maka

Makarantu masu zaman kansu da kemis da manyan shaguna suna ƙara sayen manhajar sakamakon jarrabawa ko ta lissafin kaya daga matasanmu masu rubuta manhaja. Abu ne mai kyau kuma muna son ya ɗore, shi ya sa ya kamata a yi shi da tsari. Matsalar takan fara ne daga mai saye: yana son a gama kafin a dawo hutu, yana ƙara buƙatu ana cikin aiki, mai rubutawa kuma yana jin nauyin cewa bai gama ba. Sai a miƙa rabin aiki, a shiga faci kullum ta WhatsApp.

A rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ne. A riƙe wani kaso na kuɗin, kamar kashi 20 ko 30, sai manhajar ta yi zagaye ɗaya cikakke: zango guda ga makaranta, wata guda da ƙidayar kaya ga shago. A wannan lokacin kada a ajiye littafi. A rubuta a littafi a shigar a kwamfuta, ƙarshen mako a gwada su. A nan ake kama irin kurakuran da ba sa fitowa ranar nuni: ɗalibai biyu masu maki ɗaya waye na uku waye na huɗu, ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba sifili za a sa masa ko a tsallake shi, kayan da aka dawo da su, bashin da aka biya rabi, sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ da ke fitowa alamar tambaya a katin sakamako, da abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar adana ciniki.

Kowane sabon zubi ya zo da lamba da kwanan wata da layi biyu ko uku na abin da aka canza. Kafin a saka shi, a kwafi rumbun bayanan, a kuma ajiye tsohon zubin. Gyara da yawa suna canza fasalin rumbun, ta yadda tsohuwar manhaja ba za ta iya karanta shi ba. In babu kwafin da aka ɗauka kafin canjin, babu komawa. Mai rubutawar da ke da makarantu goma a hannunsa kada ya tura wa duka rana ɗaya. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani gurɓataccen fayil ga kwastomominsa gaba ɗaya lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 suka faɗi, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma da yawa sai da mutum ya zauna gaban kowace ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu. A fara da kwastoma ɗaya, a jira kwana biyu, sannan a ci gaba.

In za ka kai ƙorafi, "ba ta aiki" ba ya taimakon kowa. Faɗi lambar zubin, irin na'urar, abin da ka danna daki-daki, abin da ka zata zai fito da abin da ya fito, ka haɗa da hoton allon da saƙon kuskuren ya fito sarai. Faɗi ko kullum yake yi ko jefi-jefi, da ranar da ya fara. In ya shafi asarar bayanai ko kuɗi, sa wannan a layin farko. Matsalar goge fayiloli ta 2018 wasu 'yan gwaji sun kai rahotonta tun kafin a saki zubin, amma ta nutse cikin tarin ƙorafe-ƙorafe, har daga baya Microsoft ya ƙara wurin da mai rahoto zai nuna girman illar. Kafin ka tura hoton, rufe sunayen ɗalibai da lambobin asusun da suka fito a ciki.